Dogo da Robobi Uku na Malam Isuhu

Da kamawar Rajab ɗin nan, shekara tara ke nan cif da aka fita da mijina Malam Isuhu daga gidanmu na Kurayyat a nan Jidda, aka kai shi makwancinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan dafa abinci a kai masallaci, in yi masa addu'a, in kama bakina. Bana bakin ya ƙi kamuwa, domin bana ne aka sa ni gaba da maganar robobinsa, har na aikata abin da ban taɓa zaton zan aikata da furfurata ba.

Malam bai bar gida ba, bai bar mota ba. Abin da ya bar mini shi ne kifi ɗaya babba a akwatin gilashi cikin falo, da manyan robobi uku cike da ƙananan kifaye. Babban irin wanda ake ce wa arowana ne, mai ƙyalli kamar azurfa, da 'yan gashi biyu a leɓensa na ƙasa. Dogo muke ce masa. Ƙananan kuwa, gobi da moli, abincinsa ne, kuma a raye yake haɗiye su. Shekara tara ni ke kiwon su. To bana gwiwoyina suka gaza, 'yata Hadiza ta rantse ba zan sake yin azumi ni kaɗai ba, sai dai in tattara in koma wurinta a unguwar Madain Fahd, a bene hawa na biyu. Falonta zai ɗauki akwatin Dogo. Robobi kam, ta ce ko a mafarki babu inda za a sa su.

Malam mutumin Maraɗi ne kamar ni. Da iƙamar direba, wato takardar izinin zama, ya shigo ƙasar nan. Kafilinsa na farko, wato mai gidan da ya ɗauki nauyin zamansa, yana da akwatin kifi wanda kullum kifayen ciki suke mutuwa, a kwashe a sayo wasu. Shi kuwa Malam ba ya iya ganin abu yana lalacewa ya wuce. Ya fara da goge gilashi, ya koma damun masu shagon kifi da tambaya, har ta kai idan akwatin wani ya rikice a unguwannin arewa shi ake kira. A ƙarshen rayuwarsa aikinsa ke nan. Waɗanda suka fi nemansa su ne masu ajiye kifayen da ke cin 'yan'uwansu, saboda ƙananan da yake kai musu ba sa kashe musu manya. Dogo ma wani likita ne da zai koma ƙasarsu ya bar masa, lokacin bai wuce tsawon cokali ba.

Allah na gani, a zamanin ba na ƙaunar robobin nan ko kaɗan. Sun cinye mini rabin tsakar gida, wurin shanya ma sai na yi dabara. Injin da ke hura musu iska ba ya hutawa. In sayo alayyafo don miya, ina juya baya an yagi rabi an tafasa. Gwaiduwar ƙwai, jatan lande daga kasuwar kifi, duk a niƙa a cuɗa a sa mini a firigo kusa da nama. Na sha ce masa, "Malam, abin da za a haɗiye jibi kake yi wa girkin amarya?" Sai ya ce, "Hajiya, abin da ke cikin ƙaramin shi ke shiga cikin babban." Daga nan ba zai ƙara ba, ya ci gaba da niƙansa. Ni mai son a mayar mini da magana ce, shirun nasa ya fi robobin ba ni haushi.

Yana da dokoki da nake ɗauka tsirfa ce kawai ta tsufa. Kowace roba da 'yar ragarta ta kamun kifi, ba a tsoma ta wannan a waccan. Sau ɗaya ya taɓa ɗaga mini murya a zamanmu, ranar da na haɗa raga ukun na wanke su a ruwa ɗaya ina ganin na yi abin kirki. Roba biyu suna tsakar gida, ɗaya kuwa ya ware ta can bayan ƙofar zaure, ya rufe da allo. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. Shekara da shekaru ina kwana ɗaki ɗaya da mai amsar, ban tambaya ba, sai da ya tafi na zauna ina tsinto ta ɗaiɗai kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Ciwon kwana huɗu ya yi. Da aka zauna makoki, mata suka cika tsakar gida har jikin robobi. Maƙwabciyata Hajiya Zara, mutuniyar Cadi, mace mai tausayi ta ƙarshe, ita ta fara. Ta leƙa ta ga kifaye suna tasowa suna buɗe baki, ta ce, "Wayyo, bayin Allah, mai ba su ya tafi. A ba su sadaka, ladan ya kai masa." Ta marmasa musu tamis, burodin nan da muke karyawa da shi. Kun dai san mutanenmu a ƙasar nan, ba a zubar da burodi a shara, sai a nemi mai rai a ba shi. To ga masu rai a kusa, kuma na mamaci. Duk wadda ta zo gaisuwa sai ta jefa ɗan abin da ke hannunta ta yi masa addu'a. Har shinkafar sadaka mai maiƙo an zuba. Wata kuma, har yau ban san ko wace ce ba, ta zare wayar injin iska ta jona tukunyar shayi.

Ni ina ɗaki a lulluɓe, ban san wainar da ake toyawa ba. Wari ne ya fito da ni da safiyar kwana na huɗu. Ruwan robobi biyu ya koma kamar kunu, kifaye sun yi rigingine sun rufe samansa, manya da 'ya'ya. Na tsaya a kansu na fashe da kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Hajiya Zara ta riƙe ni tana cewa, "Ki yafe mini, Ummu Hadiza, wallahi alheri na nufa." Na sani. Duk wadda ta jefa burodin nan don Allah ta jefa. Aikin shekara ashirin ne muka kashe masa cikin kwana uku, muna yi muna nema masa gafara. Robar bayan ƙofa ce kawai ta tsira, don ba wanda ya san da ita. Na ɗaga allon na ƙirga, goma sha ɗaya.

Ga ni cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Ga Dogo yana kai da komo a gilashi, duk wanda ya gifta sai ya bi shi da ido. Ban iya ba shi sha ɗayan nan ba, don na san in suka ƙare an rufe babin. Bashir, wanda ke neman auren Hadiza a lokacin, yau kuma shi ne mijinta, ya ce abu mai sauƙi ne. Ya je shago ya sayo jajayen kifayen nan masu araha cikin leda. Muka kwance muka juye wa Dogo kai tsaye, ya yi ta kamawa, muka ce alhamdulillahi. Sati bai cika ba ya fara goga jikinsa da ƙasan akwati. Fararen ɗigo suka feso masa kamar an barbaɗa gishiri, ya daina ci, ya lafe a lungu guda.

Tsoro ya kama ni sosai. Na ga kamar zan binne Malam sau biyu. Hadiza ta kira wani mai shago ɗan Indiya da suka saba da babanta, yana faɗa da Larabci tana maimaita mini. A ɗumama ruwa kaɗan, a sa gishiri gwargwado, ga magani zai aiko, a riƙa canza wani sashe na ruwan. Sai ya tambaya, "Kwana nawa kuka ajiye sababbin kafin ku ba shi?" Hadiza ta ce ba mu ajiye ba. Mutumin ya ce Abu Hadiza, wato Malam, ko daga hannun uwarsa ya karɓi kifi sai ya ware shi sati huɗu. A nan na gane robar bayan ƙofa. Masaukin baƙi ce. Duk kifin da ya shigo gidan a can yake zama a sa masa ido, in yana ɗauke da cuta ta fito fili tun bai haɗu da kowa ba. Ragar da aka yi mini tsawa a kanta ma a ranar na yafe. Dogo ya warke bayan sati biyu da wani abu.

Sauran takabar a gaban roba na yi ta. Ba abin yi, ba inda za ni, sai na sa kujera ina kallo. Ashe kifayen nan ba ƙwai suke yi ba, haihuwa suke yi. Ni da na haihu sau uku na zauna baki buɗe ina kallon wata 'yar mitsitsiya ta faka a gefe tana sako 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, kowane yana faɗowa ya miƙe ya kama iyo. Ban gama mamaki ba ta juyo ta haɗiye biyu daga ciki. Na ce, "Ke, kin ga marar imani." Sai na tuna wasu dunƙulallun zaren buhu da Malam ke jefawa cikin roba ta biyu, waɗanda na tsame na zubar ranar wanki ina cewa ƙazanta ce. Maɓoyar 'ya'ya ce. Na warware buhun shinkafa da hannuna na ɗaura wasu. Roba ta biyu ke nan, ta iyaye, ba a taɓa ɗiban abinci a cikinta.

Ta uku ita ce ta masu tafiya. Su ake ba alayyafon nan da jatan lande, kaɗan kaɗan, abin da za su cinye nan take kada ya kwanta ya ɓata ruwa. Kafin a ɗebi ko ɗaya sai an tsuguna an duba: wanda ya maƙale fikafikansa, wanda cikinsa ya shafe, wanda ya ware kansa, duk ba a kai su falo. Ranar da na fara kai wa Dogo da hannuna, guda huɗu, na juye na kau da kai, amma kunnena ya ji ƙarar ruwan. Na taɓa tambayar Malam sau ɗaya, cikin tsokana, ko ba ya jin tausayinsu. Ya ce, "Ina ji. Shi ya sa ba na barin su cikin ƙazanta." A lokacin dariya na yi. Ranar nan ban yi dariya ba, na je na canza musu ruwa ko da yake lokacin canji bai yi ba.

Yanzu nakan zauna in ce, da Malam zai leƙo ya ga yau fa? Jikokina suna nuna mini a waya yadda samari ke ɗaukar hoton kifinsu yana cafke ƙananan, an sa kiɗa, an rage gudun hoton don a ga yadda bakin ke buɗewa, mutane suna ta yabawa. Na tabbata wannan kam ba zai kalla ba. Shi idan zai ciyar da Dogo ko baƙo ba ya kira, yakan bari sai falo ya zama ba kowa. Amma abin da ban sani ba shi ne ra'ayinsa kan sauran. Yau kana zaune za ka latsa waya a kawo maka kifi ƙofar gida kafin shayinka ya huce, ba ka ga ruwan da ya fito ba, ba ka ga wanda ya mutu kusa da shi ba. Ina jin zai karɓa ya yi godiya, ya wuce da ledar bayan ƙofa.

Sai kuma abincin gwangwani, 'yan dunƙule-dunƙulen nan masu yawo a saman ruwa. A zamaninsa ma akwai, amma Dogo ya ƙi su tun yana ƙarami, Malam bai matsa ba. Yanzu masu ilimin abin suna cewa an inganta su, sun wadatar, har sun fi kifi mai rai aminci tunda ba sa ɗauko cuta. Bashir ya karanta mini wannan ya fi sau biyar. Na kasa ƙaryata shi, don ni na ga abin da leda ɗaya ta yi. To Malam zai ce bidi'a ce, ko zai ce madalla an hutar da bayin Allah? Mutum ne da ya yi murna kamar yaro ranar da ya samu abin auna zafin ruwa, ba ya gudun sabon abu. Amma kuma shi ne ya ba robobin nan shekara ashirin. Na juya tambayar nan ta kowace fuska ban samu amsarsa ba. Tawa amsar dai na san ta: ba na son rabuwa da su.

Da gardama ta yi tsawo, Bashir ya kawo sulhu. Ya ce, "Umma, a gwada shi wata ɗaya da abincin gwangwani, ba kifi. In ya ci, robobi sun gama aiki, a ba mai shago. In ya ƙi, ni zan roƙi mai gidanmu ya ba mu gefe a saman rufi." Hadiza ta harare shi, don ta san hawa huɗu ne zuwa rufin, kuma ta san ba gwiwata ce za ta hau ba. Ita a nan aka haife ta, Hausarta sai ta ɗingisa ta jingina da Larabci. Ta ce, "Halas, Ummi, wata ɗaya. Bas in ya ci, ma fi kalam," wato in ya ci babu sauran magana. Na ce na yarda. Na yarda ne saboda na san Dogo. Shekara goma sha biyu yana ƙin abin nan, taurin kansa har ya fi na mai shi.

Aka fara. Mai shago ya ce babban kifi irinsa yana jure sati biyu ko uku ba ci, kada in ji tsoro. Kullum da hantsi in jefa dunƙule uku, su yi ta yawo a kansa, ya bi ta ƙarƙashinsu ko kallo ba ya yi, bayan ɗan lokaci in tsame. Wani lokaci ya ɗauki ɗaya ya tofar, ya juya mini baya. A fili in ce, "Kai, Dogo, ka ci mana." A zuci kuwa ina cewa Allah ya yi maka albarka, ɗan halak. Kowace rana bayan la'asar Hadiza za ta kira ta ce, "Akal?" wato ya ci? In ce bai ci ba, har da ajiyar zuciya don ta ji kamar abin ya dame ni.

Ranar kwana na goma sha shida, ina tsaye da 'yar raga a hannu ina jiran in tsame, sai ya taso a hankali ya buɗe baki ya haɗiye ɗaya. Na ce kuskure ne, yanzu zai tofar. Bai tofar ba. Ya kewayo ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku, sannan ya tsaya daidai fuskata yana jiran ƙari. Na zauna a hannun kujera. Wallahi ji na yi kamar an ci amanata. Shekara tara ina tafasa alayyafo, ina tsugunawa da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, ina hana kaina zuwa Madina fiye da kwana biyu, ashe ɗan banzan nan zai iya cin abu irin na kaji ya ƙoshi.

Da la'asar waya ta yi ƙara. "Akal?" Na ce, "Bai ci ba." Haka kalmar ta fita sumul, ko tuntuɓe ban yi ba. Washegari na ba shi biyar ya cinye, na sake cewa bai ci ba. Kwana huɗu ina wannan. Na yi ta ba kaina hujja: sauran kwana goma kawai wata ya cika, wa zai sani, kifi dai ba ya magana. Har na fara tsara inda kowace roba za ta zauna a rufin da ban taɓa hawa ba. Mace mai shekara sittin da uku, hajji ba adadi, ina yi wa 'yar cikina ƙarya a kan kifi.

A kwana na biyar Hadiza ba ta kira ba, sai ga ta da kanta. Ta zube a kan tabarma tana haki, abayarta duk ƙura. Ta ce daga rufinsu take. Ta hau ta auna wurin, ta ga rana tana dukan sa tun safe, don haka ta biya ta sayi rumfar inuwa. Famfo babu a can, amma ta lissafa, bokiti shida sau biyu a sati daga hawa na biyu, za ta iya kafin ta tafi aiki. Ta ce, "Ma'alesh, ba komai, Ummi. In bai ci ba bai ci ba. Na Baba ne, ba za mu bar shi da yunwa ba." Ta tashi ta je gaban gilashi tana lallashinsa da Larabci, tana ce masa miskin, ka rame. Shi kuwa ga ciki nan ya yi ɓul-ɓul.

Ina kallon bayanta sai wani abu ya faɗo mini. Wata rana Malam ya fita da leda zai kai wa wani mai gida can Abhur, tafiya mai nisa cikin zafin nan na Jidda. Bayan azahar sai ga shi ya dawo da ledar yadda ya fita da ita. Na ce lafiya? Ya ce yana bakin ƙofar mutumin, har ya danna ƙararrawa, ya ɗaga ledar ya ga ɗaya yana goga jiki. Ɗaya tak cikin talatin, kuma mai gidan ba zai taɓa lura ba. Ya gaya masa gaskiya, ya ce a nemi na wani a wannan satin, ya juyo. Ranar na yi masa tatas, na ce wannan ai wahalar da kai ce. Ban san me Malam zai ce game da abincin gwangwani ba, amma na san sarai abin da zai ce game da bokiti shida a hannun Hadiza.

Na ce, "Hadiza, zo ki zauna." Ta zo. Na ce, "Ya ci. Yau kwana biyar yana ci. Ƙarya nake yi miki." Ta dube ni, ta dubi Dogo, ta sake duba na. Na zaci za ta yi faɗa, don bakina ta gado. Sai ta ce a hankali, "Lesh, Ummi?" wato don me? Na ce saboda in aka ɗauke robobin nan ban san abin da zan tashi in yi da safe ba, kuma ban san inda zan riƙa ganin babanki ba. Ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago ta ce to a bar maganar yadda take, rumfa dai an riga an saya, za ta hau. Na ce a'a. Sharaɗi aka yi, ya ci, magana ta ƙare. Ita ke roƙo ni ke ƙi, muka koma kamar an musanya mana baki.

Ranar Alhamis mai shago ya turo mota da ma'aikacinsa da ganga ɗaya. Na ce ganga ɗaya ta me? Uku za a yi, iyaye daban, masu tafiya daban, na bayan ƙofa daban. Mutumin ya ga ba wasa a fuskata, ya koma ya samo jarkoki. Na ba shi raga ukun, na nuna masa wadda ke ta wace, na ba shi sauran niƙan da ke firigo, yana ta cewa tayyib, ya Hajja, tayyib, wato to. Ba yarinya ba ce ni, na san ƙila kafin magariba an juye su wuri ɗaya. Hajiya Zara ta fito da sandarta ta tsaya a ƙofa har mota ta sha kwana, ta ce, "Jikokin sha ɗayan nan ne fa." Na ce su ne, kuma ba ɗaya da ya tafi da ciwo.

To me ya rage na Malam Isuhu bayan shekara tara? Waɗanda ya yi wa aiki yawanci sun tashi ko sun manta sunansa. Sana'ar da ya ƙware a kai, gwangwani ɗaya ya maye gurbinta, kuma ba zan yi ƙarya in ce duniya ta yi asara ba, ƙananan kifaye da yawa za su tsufa a ruwansu. Abin da na ga ya rage shi ne halin mutumin da ya kula da abin da kowa ya san kwanansa kaɗan ne, ya ba shi ruwa mai tsabta da abinci mai kyau, ba don wani yana kallo ba. Ban gaji wannan halin duka ba, kun dai ji abin da na yi. Amma ɗan abin da ya shafe ni ya isa ya hana ni kwana na shida a kan ƙarya. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mini tambayoyin da ban yi masa ba.

Da mota ta tafi na koma ciki. Tsakar gida ta yi faɗi, injin iska ya yi shiru, har ina jin maganar maƙwabta ta katanga. Na shiga falo, Dogo ya taso bakin gilashi. Na buɗe gwangwani na jefa masa shida. Ya cinye tas ya nemi ƙari, ko a jikinsa. Ni ce na kasa cin komai ranar.